Sai An Karya Yarinya Kafin Mu Tausaya Mata?

A shekarar 1997 aka shigo da wata yarinya 'yar kimanin shekara 15 cikin labarin General Hospital, wasan kwaikwayo mai dogon zango da tashar ABC ta Amurka ke nunawa da rana, daga Litinin zuwa Juma'a, tun 1963. Sunanta a labarin Elizabeth Webber, kuma Rebecca Herbst ce ta hau matsayin. An rubuta ta ne domin ta ba mai kallo haushi. Tana busa taba, tana shirga ƙarya, ga baƙar magana, ga hassadar yayarta Sarah wadda kowa ke yabo da hankali. Iyayensu likitoci ne da suka tafi aiki ƙasar waje, 'yan matan biyu suka ƙare a hannun kakarsu Audrey a Port Charles, garin da marubutan shirin suka ƙirƙira.

Wata shida ana tafiya a haka. Sai daren ranar masoya na Fabrairun 1998. Saurayin da take so a ɓoye, Lucky Spencer, ya zaɓi ya je bikin rawa na makaranta da yayarta. Don kada a ga kasawarta, sai ta yi ƙaryar cewa ita ma tana da wanda zai raka ta. Ta ci ado da jar riga, ta fita, ta rasa inda za ta dosa, ta ƙare a zaune ita kaɗai a lambun shaƙatawa cikin sanyi. A nan wani ya fizge ta ya yi mata fyaɗe. Lucky ne ya tsince ta tana rarrafowa daga cikin shuke-shuke.

Daga wannan dare Elizabeth ta zama abar ƙauna ga masu kallo, kuma har yau tana cikin shirin. Ta girma, ta zama ma'aikaciyar jinya a asibitin da aka sa wa shirin sunansa, ta haifi 'ya'ya. Da aka sanar a farkon 2011 cewa za a sallami Rebecca Herbst, masu kallo suka tayar da ƙayar baya har sai da aka janye maganar. Ana yawan kawo labarinta a matsayin misalin yadda ya kamata a rubuta irin wannan al'amari, kuma akwai gaskiya mai yawa a wannan yabo. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗancan watanni shida na farko. Yarinyar da aka tsinta a lambu ita ce dai wadda iyayenta suka tafi suka bari, ita ce wadda ake gwada ta da yayarta kullum tana faɗuwa. Damuwarta tana nan tun ranar farko. Ba a ba mu damar jin ta ba sai da aka zubar mata da jini. Wannan ne nake ganin laifi, kuma laifin na marubuta ne da namu masu kallo tare.

Kafin in kai can, sai an fahimci irin ƙarfin da wannan nau'in wasa yake da shi, domin a nan ne alherinsa da sharrinsa suke. Ya samo asali ne daga rediyo a shekarun 1930, lokacin da kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ke ɗaukar nauyinsa don tallata hajarsu ga matan da ke gida da rana. Ba a rubuta masa ƙarshe. Guiding Light ya fara a rediyo a 1937, ya koma talabijin a 1952, bai tsaya ba sai 2009. Ana nuna kashi biyar a mako, wato kimanin 250 a shekara. Fim na awa biyu yana iya nuna maka bala'i, ya nuna kuka, ya nuna kotu, a tashi. Shi kuwa wannan yana da lokacin da zai zauna da mutum washegari, da mako mai zuwa, da bayan shekara. Mai kallo yana ganin jarumar sau da yawa fiye da yadda yake ganin wasu 'yan uwansa na jini.

Marubutan General Hospital sun yi amfani da wannan lokaci yadda ya kamata, ba zan tauye musu haƙƙi ba. Daga cikinsu akwai Michele Val Jean, wadda daga baya ta ƙirƙiro shirin Beyond the Gates da tashar CBS ta fara nunawa a 2025. Ba su yi gaggawar warkar da Elizabeth ba. Ta ƙi a kira 'yan sanda a daren, sai gwaggon Lucky, Bobbie, wadda ma'aikaciyar jinya ce, aka kira ta duba ta. Ta ɓoye wa kakarta. Ta riƙa firgita idan an taɓa ta, ta riƙa zargin kanta, ta riƙa kallon kowane namiji tana tunanin ko shi ne. Har malaminsu na makaranta ta zarga, alhali ba shi ba ne. Da kakar ta sani, abin da ta fara so shi ne a rufe maganar a manta, sai daga baya ta fito ta faɗa wa jikarta cewa ita ma an taɓa yi mata haka, kuma mijinta na lokacin ne ya yi. Da aka gano mai laifin, wani mai ɗaukar hoto mai suna Tom Baker, ba a iya ɗaure shi kan fyaɗen ba saboda rashin hujja. An ɗaure shi ne kan wani laifi dabam, na yi wa wata yarinya barazana da hotuna. Duk wanda ya taɓa zama kusa da wadda aka yi wa irin wannan ta'asa ya san cewa haka abin yake tafiya: shiru, tsoro, zargin kai, dangin da ke gudun abin kunya, da shari'ar da sau da yawa ba ta kai inda ake so ba. A 2016 ma, bayan shekara 18, shirin ya dawo da Tom Baker lokacin da aka yi masa sakin talala, aka nuna mace babba mai 'ya'ya tana komawa cikin tsoron da ta yi zaton ta wuce. Babu fim ɗin da zai iya wannan.

Abu mafi girma da labarin ya yi shi ne ya juya ya tuhumi shirin kansa. A Oktoban 1979, mahaifin Lucky, wato Luke Spencer, ya yi wa Laura, wadda daga baya ta zama matarsa kuma mahaifiyar Lucky, fyaɗe a wani gidan rawa. Ita ma Laura an fara gina ta ne a matsayin yarinya mai rikici, kuma Genie Francis da ta hau matsayin shekararta 17 a lokacin. Da masu shirin suka ga jama'a na son ganin su biyun tare, sai aka sauya harshe. Aka daina kiran abin da sunansa, aka mayar da shi kamar wani rinjaye na soyayya. Laura ta bar mijinta ta bi Luke. Bikin aurensu a Nuwamban 1981 ya tara masu kallo kimanin miliyan 30, adadin da babu wani wasan rana a Amurka da ya taɓa kaiwa, har fitacciyar 'yar fim Elizabeth Taylor ta fito a cikinsa. Shekara da shekaru ana sayar da su a matsayin masoyan da babu kamarsu.

A 1998 aka buɗe wannan tsohon miki. Lucky, wanda ya ga da idonsa abin da fyaɗe ya yi wa Elizabeth, ya ji daga bakin ɗan uwansa Nikolas cewa mahaifinsa ya taɓa yi wa mahaifiyarsa haka. Ya tunkari uban, uban ya amsa. Yaron ya bar gida. Shekara 19 bayan aukuwar abin, aka tilasta wa Luke ya kira laifinsa da sunansa a gaban ɗansa, aka tilasta wa Laura ta dubi abin da ta binne. Ina ganin wannan jarumta ce daga marubutan, domin kadarar shirin mafi tsada suka taɓa. Kuma ta wata fuskar masu kallo aka tuhuma, waɗanda suka yi guɗa a bikin 1981.

To, ina matsalar?

Matsalar ita ce dabara ce da aka saba da ita. Idan an ƙirƙiri yarinya mai taurin kai, aka ga tana neman gundurar jama'a, sai a nemo mata musiba mai girman da zai wanke ta. Shekara biyar kafin Elizabeth, a 1993, shirin One Life to Live ya yi wa Marty Saybrooke haka. Ita ma an fara nuna ta ne a matsayin 'yar sharholiya, maƙaryaciya, wadda ƙazafinta ya kusa rusa wani limamin coci. Sai wasu samari uku 'yan jami'a suka yi mata fyaɗe, nan take ta koma abar tausayi. Jagoransu kuwa, Todd Manning, ya zama ɗaya daga cikin taurarin shirin, har ta kai Roger Howarth da ke hawa matsayin ya bar shirin a 1995, bai ji daɗin yadda ake neman mayar da mai fyaɗe gwarzon soyayya ba. Idan abu ya maimaitu haka, ya tashi daga tsautsayin labari ya zama tsari. Kuma saƙon da tsarin ke isarwa, ko da marubuci bai yi niyya ba, shi ne cewa fitsararriya sai ta ɗanɗani azaba take zama mutum. Elizabeth ta bayan Fabrairun 1998 ta daina baƙar magana, ta yi laushi, ta zama mai haƙuri da tausayi. Wane darasi yarinya 'yar shekara 15 da ke kallo bayan ta dawo daga makaranta za ta ɗauka? Cewa fyaɗe ya gyara wata? A zahiri ba haka yake yi ba. Sau da yawa yarinyar da aka yi wa haka ƙara birkicewa take yi: ta daina karatu, ta riƙa faɗa da kowa, wata ta faɗa shaye-shaye, wata ta riƙa cutar da kanta. A lokacin da ta fi buƙatar a ja ta a jiki, a lokacin ne ta fi wuyar zama da mutane. Labarin da ya nuna wadda aka zalunta ta koma salihar da kowa ke so yana koya mana mu ji tausayin masu sauƙin tausayi kaɗai.

Akwai kuma batun wanda aka zaɓa ya zama mai laifin. Baƙo ne, a cikin duhu, a bayan shuke-shuke. Irin wannan yana faruwa, amma shi ne mafi ƙaranci. Wani rahoto na sashen ƙididdiga na Ma'aikatar Shari'ar Amurka da ya fito a shekarar 2000 ya nuna cewa a cikin yaran da aka kai ƙarar an ci zarafinsu ta wannan hanya, kashi 7 cikin 100 ne kawai baƙo ya yi musu. Kashi 34 'yan uwa ne, kashi 59 kuwa sanannu: maƙwabci, abokin gida, saurayi, malami. Baƙon cikin duhu yana da daɗin rubutawa saboda ba ya tayar wa kowa hankali a gida. Kowa zai tsine masa ya kwanta lafiya. Abin da ya ceci labarin 1998 daga wannan rauni shi ne Luke da mijin Audrey, domin su na gida ne. Amma a labarin yarinyar kanta an bi hanya mai sauƙi.

Sai iyayenta. 'Yarsu ta shiga irin wannan hali, ba su dawo ba. Sai a 2022 aka nuna ta gaba da gaba da su, bayan shekara 25 da shigowarta. Na san dalilin na kasuwa ne, ɗaukar ƙarin 'yan wasa kuɗi ne, kuma barin yarinyar ba iyaye ya ba da damar a gina soyayyarta da Lucky. Amma sakamakon shi ne mutanen da suka fi kowa hannu a kangarewarta sun tsira ba a tambaye su komai ba, yaro ɗan uwanta a shekaru shi aka ɗora wa nauyin jinyar zuciyarta. Hausawa na cewa ka ƙi naka, duniya ta so shi. A nan ko duniyar ba ta so ta ba sai da ta ga jininta.

Akwai masu cewa tun farko bai kamata a nuna irin waɗannan abubuwa da rana tsaka ba, lokacin da yara ke gida. Na fahimci damuwarsu, kuma na yarda akwai iyaka ga abin da ido ya kamata ya gani. Ana iya ba da labarin fyaɗe ba tare da an nuna shi ba, abin da ke da amfani yana cikin abin da ya biyo baya. Amma ban yarda da shiru ba. A 1962 marubuciya Agnes Nixon ta sa wata jarumar Guiding Light ta kamu da sankarar mahaifa da aka gano da wuri ta hanyar gwaji, a lokacin da ko sunan cutar ba a yarda a furta a shirin ba, don kawai matan da ke kallo su je a duba su. A 1995 General Hospital ya nuna Stone Cates, matashin da ya taso a titi, yana mutuwa a hankali da cutar ƙanjamau, budurwarsa Robin Scorpio kuma gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar. A wancan lokaci ƙanjamau ce ke kan gaba wajen kashe Amurkawa 'yan shekara 25 zuwa 44, kuma mutane da dama na ganin cuta ce ta wasu can. Robin ta rayu, ta zama likita, ta haifi 'ya lafiyayya a 2008. Miliyoyin gidaje sun koyi abin da ba za su tsaya su saurara daga bakin jami'in lafiya ba. Saboda haka ni ba na cikin masu son a tsabtace labari har ya zama babu kowa a cikinsa sai mutanen kirki.

Akwai kuma masu cewa ai wasa ne, nishaɗi ne, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Waɗannan su ne na fi saɓa wa. Abin da mutum ke kallo sau biyar a mako tsawon shekaru yana shiga cikin yadda yake auna mutane. Idan har za mu yaba wa shirin kan matan da ya tura asibiti, dole mu yarda yana iya koyar da abin da ba daidai ba da irin wannan ƙarfin.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin yanzu mu ma muna cikin zamanin dogon zango. Tun da Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa, sannan YouTube ya cika da shirye-shiryen Hausa da ake saki mako-mako, marubutanmu sun sami abin da na Amurka ke rasawa, inda wasannin rana suka ragu zuwa 'yan ƙalilan bayan an rufe As the World Turns a 2010, All My Children a 2011, da One Life to Live a farkon 2012. Sun sami lokaci, sun sami masu kallo da ke jiran kowane kashi suna muhawara a kansa a Facebook da TikTok. Kuma duk mai kallon finafinanmu ya san makomar da aka saba tanadar wa yarinya mai rawar kai da yaro ɗan shaye-shaye. Ita ta yi cikin shege, ko a kore ta daga gida, ko ta kwaso cuta. Shi ya haukace, ko ya ƙare a gidan yari, ko ya yi haɗari. Daga nan sai kuka, sai neman gafara, sai wani dattijo ya yi nasiha. Ana kiran wannan faɗakarwa. Ni ina ganin sau da yawa ramuwa ce muke yi a kan yaran da suka ba mu haushi, muna kallon an hukunta su muna jin sanyi.

Haɗarin ya fi girma a wurinmu saboda tambayoyin da muka saba yi idan an ci zarafin yarinya. Me ya fitar da ita da dare? Wace irin shiga ta yi? Ai dama ba ta jin magana. Ku lura da yadda aka shirya daren Elizabeth: ta yi ƙarya, ta yi ado, ta fita ita kaɗai. Duk abin da mai neman ɗora mata laifi yake buƙata an ba shi. Shirin ya ƙi ɗora mata, wannan abin yabo ne, amma ya bar ƙofar a buɗe ga wanda ke so. Idan marubucinmu ya kwaikwayi wannan tsari a cikin al'ummar da har yanzu iyaye da yawa ke gwammace su rufe maganar da su kai 'yarsu asibiti, alhali maganin da ke kare ta daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, to ya ƙara wa masu cewa ita ta ja wa kanta hujja ne, ko da nufinsa alheri ne.

Ba ina cewa kada musiba ta sami jaruma mai taurin kai ba. Tana samun masu taurin kai da masu ladabi duka. Abin da nake nema daga marubuci shi ne ya yi aikin da ya fi wuya tun kafin musibar. Ya nuna mini gidan da yarinyar ta fito, uban da ba ya zama, uwar da aka saki aka raba ta da 'ya'yanta, kishiyar uwar da ke gwada ta da nata 'ya'yan, makarantar da aka cire ta aka ɗora mata talla. Ya bar ta da rashin kunyarta, kada ya rage mata ko kaɗan, amma ya sa in gane daga ina abin ya taso, har in ji ba na son komai ya same ta alhali tana kan ba ni haushi. Idan kuma abin ya same ta, kada ya mayar da ita wata sabuwar halitta mai sanyin murya. Ya bar ta ta yi fushi, ta yi kuskure, ta ɓata wa masu taimakonta rai, ya kuma nuna babba guda ɗaya, ko gwaggo ce ko malama ko maƙwabciya, da ta ƙi sakin hannunta duk da haka. Sannan ya kawo iyayen gaban kyamara su amsa tambaya, a cikin zangon da abin ya faru, ba bayan shekara 25 ba.